"Kamar" Ɗin da Mama Ta Baro a Ɗakin Likita

Assalamu alaikum Gwaggo. Don Allah ki taimake ni, wani abu ne ya ɗaure mini kai. Ki yi haƙuri ma da wannan kalma ta ɗaurewa, don ita ce ta jawo mana duk abin da za ki ji.

Kada ki nemi sunana. A gida Tambaya ake ce mini, saboda tun ina ƙarama ba na barin magana ta wuce ban ji tushenta ba. Ni ce na kwance rediyon Baba ina neman mutanen da ke magana a ciki, na sha duka, washegari kuma na koma kan agogon bango. Yanzu gyaran waya nake yi. Shagona ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, gilashin ƙara girma, da gwangwanin ƙananan kusoshi. Na faɗa miki wannan ne don ki san irin kan da ke rubuto miki, kuma sana'ar tana da hannu a cikin damuwata.

Tun da na fara al'ada nake ciwon mara irin wanda ke sa mutum ya rungumi ƙasa. Mama takan dafa mini ruwan zafi, ta shafa mini baya, ta ce in daure, kowace mace haka take. Na daure har na yi aure. Bayan aure abin ya ci tura, aka yi hoto aka ga wani ƙullutu cike da tsohon jini a gidan ƙwai na hagu, aka ce sai tiyata. Aka tsaga ni, aka cire. A nan na fara jin sunan ciwon, wai endometriyosis. Aka yi mini bayani cewa wani nama ne irin wanda ke shimfiɗe a cikin mahaifa yake tsirowa a waje, inda ba wurinsa ba, duk wata shi ma ya kumbura ya yi jini. Mama ta gwada faɗin sunan sau biyu, harshenta ya harɗe, ta ce ita dai Indo ta ji. Shi ke nan ya zama Indo a gidanmu. In na kwanta sai ka ji ana tambaya ko Indo ce ta zo.

Wadda ta yi jinyata a lokacin matar Yayana ce, Anti muke ce mata. Malamar ƙananan yara ce, mai ƙatuwar dariya, irin wadda ake jin shigowarta tun daga bakin ƙofa. Hutu ta ɗauka ta tare a gefen gadona. Ita ta yi mini wanka, ita ta ɗauki abin da ko ni mai shi ba na son kallo, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Ban da sa ni dariya har ɗinkin ya nemi kashe ni, ba ni da abin da zan ce ta yi mini. Duk lokacin da zan tashi in taka, ko tari ya taso mini, sai ta ɗauko wani zaninta shuɗi ta naɗa mini a ciki ta ɗaure tamau, tana tsokanata wai ƙunshin saƙo take yi za ta aika wa mijina. Wallahi ina jin daɗin ɗaurin, don sai in ji cikin ya tsaya wuri ɗaya. Ki riƙe maganar zanin nan, za mu dawo kanta.

Na warke, ciwon wata ya ragu, na koma shago. Sai wani sabon abu ya ɓullo. Ba murɗa ba ne irin na da, ja ne. In na miƙa hannu zan ɗauko kwali a kanta ta sama, sai in ji an fizge ni daga ciki ta gefen hagu. In na daɗe a sunkuye kan waya na miƙe da sauri, haka. Wajen bayan gida, haka. Har a shimfiɗar aure, ki gafarta mini, sai in cije leɓe, mijina kuma bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa. Ga shi har yau shiru, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba.

Muka je wurin wata likitar mata, ni da Mama. Ta yi mini hoto tana dannawa a hankali tana kallon allo, ni kuma ina leƙe ina damunta da tambaya. Ta ce kayan cikin mutum kamata ya yi su riƙa zamewa a jikin juna, amma nawa in ta tura ɗaya sai duka su tafi tare. Ta ce alama ce ta mannewa, tabon ciki ne ya haɗa su, ko da yake ba a tabbatarwa sai an leƙa da kyamara. Da ta ga Mama ta yi zuru, sai ta juya ta sauƙaƙa mata maganar. Ta ce tabon ya yi zare-zare, kamar an ɗaure mahaifar da hanji.

Gwaggo, kamar ta ce. Da kunnena na ji. Amma kunnen Mama na hagu ya daɗe da yin nauyi, shi ne kuma yake wajen likitar, ga fanka tana ta ƙara a kanmu. Muka dawo gida. Tana ajiye mayafi ta zauna a bakin gado ta tafa hannu, ta ce to alhamdulillahi, yau ga masu na'ura ma sun gani da idonsu, an ɗaure wa 'yarta mahaifa. Ta ce kuma duk duniya wa ya taɓa ɗaure ni in ba Anti ba, a gaban idonta, har tana yi tana dariya.

Na ce mata likita kamar ta ce. Ta ce ita ba ta ji wani kamar ba. Da na matsa, sai ta ce ko ma ta faɗa, ai haka 'yan boko suke, in suna tsoron faɗin gaskiya sai su sa mata kamar a gaba. Na tambaye ta me Anti za ta samu in ban haihu ba. Ta ce ita ma abin da take son sani ke nan. Kin ji fa! Da ba a kaina abin yake ba, da na yi dariya har na faɗo daga kujera.

Yanzu abin ya wuce dariya. In Anti ta gaishe da Mama, da ƙyar take amsawa. Abincin da ta aiko, maƙwabta ake miƙa wa. Mama ta kira Yaya ta ce ya raba matarsa da ni, ta kuma hana ni cin komai daga hannunta. Yaya mutum ne mai gudun tashin hankali, bai gaya wa matarsa komai ba, kullum sai ya ƙirƙiro dalilin da zai hana su zuwa. Ita Anti ba ta san laifinta ba. Rannan sai ga ta a shagona da wayarta, wai tana yi mata wasa. Na kunna, na duba, na buɗe, lafiyarta ƙalau. Na gane ni ta zo gani. Ta zauna a kan ɗan bencin masu jira, babu dariyar nan, ta tambaye ni ko ta yi mana wani abu ne. Na ce babu komai, ina goge mata ramin caji don kar mu haɗa ido. Da za ta tafi ta ce in za a sake yi mini aiki in gaya mata da wuri ta nemi hutu, zanin nan ma yana nan ta adana shi. Da ta fita sai da na jawo ƙofar shagon na yi kuka.

Ga kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Ni ban yarda Anti ta yi mini asiri ba, ko kusa. Amma a wurin aikina, in na sa wa gilashin waya gam, roba nake samu in ɗaure shi tamau in ajiye, don matsewar ce ke sa ya kama. Tun ranar da likita ta ce mannewa, duk wayar da na naɗa wa roba sai zanin nan ya faɗo mini a rai. Shin ba zai yiwu ɗaurin da take yi mini, da kyakkyawar niyya, shi ya matse kayan cikina suna ɗanye har suka kama juna ba? In haka ne, ashe Mama ta yi kuskuren hanya ne kawai amma ta faɗa gidan. Tunanin nan yana ba ni kunya, ya kuma ƙi barina.

Kuma ni dai ina son in gane abin. Yaya nama yake manne wa nama babu gam? Me ya sa jiki zai tashi warkewa ya ɓuge da ƙulla kansa? Likitar ta ce za a iya shiga ta ƙananan huji da kyamara a yanke zaruruwan, amma ta ce suna iya dawowa, ta bar mini zaɓi. To in wuƙa ce ta kawo su, yaya wuƙa za ta raba ni da su? Ni na san wayar da aka taɓa buɗewa ba ta komawa yadda ta fito daga kamfani, kuma kowane buɗi yana barin nasa. Mama kuwa ta rantse ba mai sake taɓa ni sai an nemo wanda zai kwance abin da aka ɗaure.

Abin da ya sa na rubuto yanzu, Yaya ya ce dabarunsa sun ƙare, ƙarshen wata dole su zo gida da yara, Mama kuma ta ce ranar za ta faɗa wa Anti a fuskarta. In maganar nan ta fita daga bakinta, na san Anti, ba za ta yi faɗa ba, za ta tattara yaranta ta tafi, kuma mun rasa ta ke nan. In gaya mata tun yanzu, ko in rufe? Yaya zan mayar wa Mama da kamar ɗinta? Ki yi haƙuri da tsawon surutu, an ce miki Tambaya ce.

Taki,
Mai kwance wayoyi

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata Tambaya. Wanda ya raɗa miki sunan nan bai zalunce ki ba. Sannu da jiki, sannu kuma da ɗaukar wannan kaya ke kaɗai.

Ni ba likita ba ce, don haka na kai tambayoyinki wurin wata likitar mata da na sani. Bari in fara da robar, don ita ce ke hana ki kallon Anti a ido. Amsar ita ce a'a. Kayan cikin mutum dama a jingine suke da juna, ba sai an matse su ba, kuma hanji ba ya daina motsi ko an naɗa zani goma. Abin da ke hana su kamawa wata siririyar fata ce mai santsi da damshi da ta lulluɓe su. In ta ji rauni, ko ta wuƙa, ko ta kumburi, ko jini ya kwanta a kanta, jiki yakan aiko da wani abu mai danƙo ya rufe wurin, irin yadda jini ke daskarewa a kan yanka. Yawanci in an kwana biyu jikin ya narkar da shi. In bai narke ba, ga kuma wani gefen a jingine, sai ya zama tabo ya haɗa su. Kin ga gam ɗin daga ciki ya fito. Ke kuma hanya biyu gare shi: Indo da ke kumbura duk wata, da aikin da aka yi miki. Mafi yawan waɗanda aka tsaga wa ciki suna samun wani abu na mannewar nan, da masu zani da marasa zani, da yawa ma har su tsufa ba su sani ba. Zanin Anti sauƙin tari ya ba ki, iyakarsa ke nan. Ki ci gaba da ɗaure wayoyinki da roba hankali kwance.

Batun sake aiki, tunaninki na mai gyara bai kauce ba. Kowane aiki yana iya barin nasa tabon, ko da yake na ƙananan huji yakan bar kaɗan a kan tsagawa. Wasu matan suna samun sauƙi sosai, wasu kaɗan, wasu abin ya dawo, kuma in hanji ya shiga cikin mannewar aikin yana son hannun da ya saba. Saboda haka ki koma da tambayoyinki, wannan karon su ne makaminki. Ki tambaye ta me ake nema da aikin, rage ciwo ne ko buɗa hanyar haihuwa, don shawarar tana iya bambanta. Ki ji ko za a taɓa Indo a lokaci guda, ko ta saba yin irinsa, da abin da zai faru in an jinkirta. Akwai magungunan da ke kwantar da Indo, amma yawancinsu suna hana ɗaukar ciki muddin ana shan su, akwai kuma ma'aikatan asibiti masu gasa jiki da motsa naman ƙugu da ke taimaka wa wasu. Ki tafi da mijinki, a duba shi shi ma, don maganar haihuwa ta mutum biyu ce. Abu ɗaya ne ba ya jiran shawara: in cikinki ya kumbura, kina amai, bayan gida da iska suka tsaya, ki nufi asibiti a take.

Yanzu Mama. Kada ki ɗauke ta muguwa. Ki sake karanta wasiƙarki, za ki ga wata kalma da ta riga ɗaure zuwa. Shekara da shekaru tana ce miki ki daure, da ruwan zafinta da shafa bayanta, don abin da aka gaya mata ke nan ita ma. Yau an ce mata ashe ciwo ne na gaske kike ɗauke da shi. A rubuce, ɗan lanƙwasan kan harafi ne kawai ya raba daure da ɗaure, kuma ina zaton ya fi mata sauƙi ta nemo wanda ya ɗaure ki da ta zauna da tunanin ita ce ta ce ki daure. Kada ki jefe ta da wannan. Ki zauna kusa da ita ki ce mata kin san ba ta sani ba, ba wanda ya sani a lokacin, kuma ba ki riƙe ta da komai ba. Mai yiwuwa wannan ya fi kowane bayanin likita aiki.

Amma tausayinta ba zai sa a bar ta ta ɗora wa baiwar Allah abin da ba ta ji ba ba ta gani ba. Zargi irin wannan nauyi gare shi, a wurin mutane da wurin Allah. Kafin ƙarshen watan ku mayar da ita ɗakin da ta baro kamar ɗinta. Ki fara shiga ke kaɗai ki gaya wa likitar abin da kalmarta ta haifar, ba don ta yi laifi ba, don ta san inda za ta gyara. Ki zaunar da Mama ta wajen kunnen dama, a rage fanka, a zana mata a takarda, a bar ta ta yi tambaya da bakinta ko matan da ba a taɓa naɗa wa zani ba suna samun haka. In ta ce za ta yi miki addu'a, ki ce amin da ƙarfi, addu'a ba ta faɗa da asibiti. Abin sha dai da ba ki san mene ne ba, ki ba ta haƙuri. Yayanki kuma ya daina ɓuya a bayan dabaru. Matarsa ce, shi ya kamata ya ce wa Mama, cikin ladabi, ba zai kawo ta gida a ci mata mutunci a gaban 'ya'yanta ba. In Mama ba ta sauko ba, a ɗaga zuwan.

Ita kuwa Anti, matar da ta kawo lafiyayyar waya gyara ta riga ta san akwai magana, kuma "babu komai" ɗinki ya fi gaskiya yi mata ciwo. Ba sai kin kwashe komai kin zuba mata yau ba. Ki ce mata Mama ta yi wa maganar likita gurguwar fahimta, kuna kan gyarawa, ke kuma ba ki da ko ɗigon shakka a kanta, yanzu kina iya faɗin haka kina kallon idonta. In Mama ta gane, sauran ya mutu a tsakaninku. In ta kafe, gara Anti ta ji daga bakinki da na mijinta, a ɗaki, da ta ji shi a tsakar gida.

Sannan akwai tambayar da ta bar miki da za ta fita daga shago, ta hutun jinya da zani, ke mai son a amsa miki taki, har yau ba ki amsa mata ba. Ki kira ta yau, kada ki bari sai gobe. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya azurta ki da abin da kike nema, ya sanyaya zuciyar Mama, ya saka wa Anti da alheri. Ko za a yi aikin ko ba za a yi ba, ki ce mata ta ajiye zanin nan kusa, kuma ba wanda zai ɗaura miki shi sai ita.

Gwaggonku